Rushe Katangar Zanar Rahina

Hajiya Hasiya Mani,
Mai gidajen abinci na Zanar Rahina,
Bakin babban titi, Dogon Dutsi.

Litinin, 3 ga Nuwamba, 2025.

Zuwa ga
Mai girma Alhaji Nasiruddeen Rashid,
Shugaban Majalisar Kula da Bakin Hanya da Wuraren Sana'a ta Arewa,
Dogon Dutsi.

Game da: Rushe katangar gidan abincina da Ƙaramin Kwamitin Ƙawata Bakin Titi ya yi, da neman izinin mayar da ita.

Mai girma Shugaba,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ka da aiki, ina gaida iyali da dukkan ma'aikatan Majalisa, da fatan hatsin bana ya shiga rumbu lafiya. Ni ce Hasiya, ɗiyar Mani direban kamyo, babbar motar kaya, da Rahina mai tuwo ta tsohuwar tasha, Allah ya jiƙansu duka. An ce mini takardar ƙorafi ba ta karɓuwa sai mai ita ta gabatar da kanta, shi ya sa nake gabatar da kaina ga wanda ya san ni tun ban kai tsawon tukunyar uwata ba.

Na rubuto ne domin in kai kukana kan wani alheri da Ƙaramin Kwamitin Ƙawata Bakin Titi, wanda ke ƙarƙashin Majalisarka, ya yi mini ranar Talata 9 ga Satumba, 2025, bisa jagorancin Alhaji Ma'azu Salman. Alheri ne babba, ban taɓa ganin irinsa ba, kuma idan ba a taka masa birki ba zai rufe mini gidan abinci kafin ƙarshen wannan wata.

Kafin in jera abin da ya faru, ina neman izini in tuna wa Majalisa abin da kowa ya sani a garin nan, domin na lura akwai manyan da suka manta da shi tun da suka fara hawa jirgin sama. A ƙasar Arewa magidanci ba ya cin abinci a idon jama'a. In an gan shi da azahar, kafin la'asar an ce matarsa ta yi yaji, ko ba ta iya miya ba, ko kuma shi ne ke ƙuntata wa gida ya fito waje ya ci daɗi shi kaɗai. Ba ya tauna a gaban surukinsa ko da yunwa za ta kayar da shi. Sannan duk wanda ya wuce ya same shi da kwano a gaba, dole ya ce masa bisimilla. Ba ni na kawo wannan ɗabi'a ba, na tarar da ita, kuma a kanta na gina duk abin da na mallaka.

Mahaifiyata ta gane haka tun tana sayar da tuwo a tasha. Masu tuwo suna da yawa a layin, kuma miyarta ba ta fi ta sauran ba, ni ɗiyarta ce na faɗa. Abin da ta fi su da shi zana ce. Ta kafa dirkoki, ta kewaye bencinta da zana mai tsawo, ta yadda mutum zai shiga ta gefe, ya ci, ya wanke hannu, ya goge gemu, ya fito yana jan carbi ba wanda ya san inda ya fito. Direbobi, malaman lekol masu koyar da boko, ma'aikatan biro na ofisoshin gwamnati da aka turo daga nesa, har da dattawan da aka aza musu tukunya a gida, duk a bayan zanar nan suka ƙoshi. Ni ce mai zuba musu ruwan wanke hannu. Kafin Inna ta koya mini tuƙin tuwo, ta koya mini cewa wanda ya shigo ban gan shi ba, wanda ya fita ban san shi ba.

Bayan rasuwarta a 2003 na tafi Yamai. Na yi wanke-wanke a madafar wani babban otel, daga nan aka ƙara mini girma zuwa yankan albasa, daga albasa aka bar ni in taɓa tukunya. Na koyi shimfiɗa farin ƙyalle a tebur, da gefen da ake aje cokali da gefen da ake aje wuƙa, da yadda ake ɗora ɗan nama a tsakiyar ƙaton faranti a raɗa masa sunan Faransanci. A 2009 na dawo gida na buɗe Zanar Rahina ta farko da tebur huɗu. An yi mini dariya har da riƙe ciki, wai wa zai sa riga mai guga don ya je ya ci dambu. A 2016 na buɗe ta Tibiri, a 2019 ta Dosso, a 2021 kuma na sake gina ta Dogon Dutsi tun daga tushe: zaure mai na'urar sanyi da manyan tagogin gilashi, fili mai rumfuna da shuke-shuke, da madafa mai tayil. Na ɗauko Abdulhakim daga Yamai ya zama babban kukuna, bayan na roƙe shi har na gaji da jin muryata. Shi ne ya ɗauki zabon ƙauye da kopto, wato kwaɗon zogale, da dankalin turawan fadamarmu ya mai da su abin da manyan motoci ke taka birki dominsa.

A kowane gida cikin ukun nan, kafin in sayi tukunya ko kujera, katanga nake fara ginawa, mai tsawon da ko mutum yana saman lodin kamyo ba zai leƙo ba. A cikin ta Dogon Dutsi na sa magina suka kafa dirka ɗaya daga cikin na zanar Inna, itacen ƙirya, aka bar gwafarta a fili ta ciki. A nan nake rataya gyalena kullum in zan shiga madafa.

Ga abin da nake ƙorafi a kai:

1. Ranar 9 ga Satumba da safe, ina Dosso wajen duba gidana na can, Alhaji Ma'azu ya iso ƙofata da katafila, da membobin Kwamiti, da mai ɗaukar hoto, da takardar yabo a cikin gilashi. Ba a aiko mini da sanarwa ba, domin an ce so ake a ba ni mamaki, kuma ina shaida wa Majalisa cewa an ba ni. Alhaji Ma'azu, wanda bai daɗe da dawowa daga Umra ta hanyar Dubai ba, ya yi jawabi ga ma'aikatana. Ya ce Zanar Rahina abin alfaharin Arewa ce, ba ta dace da ɓoyo a bayan bango kamar gidan kaso ba. Ya ce a ƙasashen da suka ci gaba mutum yana cin abinci duniya na kallonsa, shi ma yana kallon duniya, kuma ba wanda ya mutu. Ya ce akwai manyan baƙi masu zuba jari da za su ratsa gari, dole su ga cewa mu ma mun san cokali mai yatsu. Kafin in iso, katangar ta kwanta. Aka miƙa wa Abdulhakim takardar yabon, aka ɗauke shi hoto da farar hularsa ta kuku, ƙurar siminti har cikin girarsa. A madadin katanga aka kafa mini shingen ƙarfe mai manyan ramuka, aka shafa masa koren fenti. Ina godiya da fentin. Takardar yabon kuwa na rataye ta a madafa, masu aiki na duba fuskarsu a gilashinta in za su gyara ɗaurin kallabi.

2. Ana jibi baƙin za su wuce, Kwamiti ya aiko cewa in cika teburan gaba da masu cin abinci domin a gani. Na aika wa duk wanda na sani, na ce kyauta ne. Mutanen garin nan, waɗanda ba a taɓa jin sun guji walima ba, kowa ya ce yana da uzuri. Dole na sa ma'aikatana suka saka kayan Sallah suka zauna suna juya cokali a faranti, mai gadi da babbar riga, masu wanke-wanke da leshi. Ranar Alhamis 18 ga Satumba baƙin suka wuce a guje, ko birki ba su taɓa ba. Ba zan iya shaida ko sun kalle mu ba, domin gilasan motocinsu baƙaƙe ne ƙirin, ba a ganin na ciki. Da alama su ba a kai musu labarin ci gaban ba tukuna.

3. Maganar bisimilla. Majalisa ta san cewa tun da can in mai cin abinci ya ce bisimilla, mai wucewa yakan ce alhamdu lillahi, a ci lafiya, ya kama gabansa. Ina sanar da Majalisa cewa tun da aka buɗe fuskar gidana, wannan amsa ta yi ƙaura daga Dogon Dutsi. Ba wanda ya ƙoshi kuma. Wani ɗan kasuwar hatsi daga Dogon Kiriya, wanda ba zan ambaci sunansa ba, ya sayi gasasshen zabo guda. Abdulhakim ya jera shi a faranti da dankali da ganye, ya zagaye shi da miya kamar zanen lalle. Bawan Allah bai kai loma baki ba sai ga ɗan ƙanwarsa a kan babur. Bisimilla. Sai ga abokin cinikinsa. Bisimilla. Sai ga maƙwabcin abokin cinikin, wanda ya zo kiran abokin cinikin. Kafin a ce wani abu hannu tara ne a cikin farantin, shi mai zabo wuya ya samu. Ya biya, ya yi mini godiya da idanu jajur, ban sake ganinsa ba.

Ban da wannan, 'yan kabu-kabu masu haya da babur sun taso da tasharsu sun dawo inuwar da ke tsallaken titi, daidai shingen. Sun ce iskar wurin ta fi daɗi. Daga nan suke bayar da rahoto ta waya, unguwa-unguwa: wane ya shiga, ga abin da aka kawo masa, ya nemi ƙari, ya lashe yatsa. Akwai masu zuwa da tabarma da butar shayi tun hantsi. Ban san ko wannan ne kallon duniyar da Alhaji Ma'azu ya gani a Dubai ba, amma dai masu kallo mun samu, har sun fi ƙarfinmu.

4. Abin da ya samu Mushe Luƙman, malamin lekol, wanda muke kira Mushe kamar yadda ake kiran malami da Faransanci. Ba al'adata ba ce in kama sunan mai cin abinci a gidana, amma shi da kansa ya ce in rubuta, domin a faɗarsa ba abin da ya rage da za a ɓoye. Ranar Juma'a 26 ga Satumba, ranar kasuwa, ya yi ƙarfin hali ya shigo ya zauna a rumfar can ciki, ya juya wa titi baya. Yana riƙe da cinyar zabo sai ya waiga, ya hangi surukinsa, dattijo daga Kiyeshe, a kan amalanken jaki ya kawo wake kasuwa. Mushe Luƙman, mutumin da ya koyar da rabin yaran garin nan lissafi, ya sulale ƙarƙashin tebur, farin ƙyallen ya rufe shi, ban da takalmansa. Takalman kuwa surukin ne ya saya masa. Kamar da gangan, jakin ya turje daidai shingen, ya ƙi gaba ya ƙi baya. Dattijo mai kunya ne, ya kau da kai ya ƙura wa dutse ido kamar yau ya fara ganinsa, yana ta dukan jaki a hankali, zufa na keto masa. 'Yan kabu-kabu suka miƙe tsaye don su gani da kyau. Ni da nake leƙe daga madafa, wallahi na rasa wanda zan tausaya wa, na kan amalanke ko na ƙarƙashin tebur.

A makon da abin ya faru matarsa Karima ta tafi gidansu, ta ce ya tozarta miyarta a gaban mahaifinta da duk kasuwa. Har yau ana ta kai-komo ba ta dawo ba, shi kuma ya nemi a canza masa wurin aiki zuwa ko'ina, in dai babu titi. Ina roƙon a sa wannan cikin nasarorin Kwamiti in za a rubuta rahoton ƙarshen shekara.

5. Da na ga abin ya kai haka, ranar Litinin 6 ga Oktoba na yi abin da uwata ta yi. Na sayo sababbin zana masu kyawun saƙa, na sa aka ɗaure su a jikin shingen tun daga wannan kusurwa har waccan. Ranka ya daɗe, kafin azahar tebura sun cika. Mutanen da aka ce mini sun yi tafiya, da waɗanda aka ce likita ya hana su maiƙo, duk suka bayyana. Abdulhakim ya yi dariya ranar, abin da ban gani ba tun zuwan katafila. Ranar Laraba 8 ga Oktoba Kwamiti ya zo ya kwance zanar ya loda a mota. Alhaji Ma'azu ya ce wannan ƙauyanci ne, zana ba ta dace da bakin titin ƙasa ba, sai ka ce garken awaki. Na tambaya ko zan iya sa labule a tagogi, aka ce labule yana ɓata tsarin. Na tambaya ko zan iya shuka itatuwa a jikin shingen, aka ce an yarda da fure matuƙar bai wuce gwiwa ba. Na auna, Mai girma Shugaba, kuma na tabbatar babu magidanci a Arewa da zai iya ɓoyewa a bayan fure mai tsawon gwiwa, ko da Mushe Luƙman ne.

Ina so a rubuta cewa kalmar ƙauyanci ta yi mini ciwo. Sunan wannan ƙauyancin ne a rubuce a ƙofar gidajena uku, kuma shi ne a cikin takardar yabon da Kwamiti ya ba ni da hannunsa.

6. Dirkar Inna. Ranar da aka rushe katanga an kwashe ɓaraguzan an kai an cike wani rami a bayan kasuwa. Na je da kaina na tona da hannuna, da zobba da komai, ban same ta ba. Daga baya aka nuna mini ita a murhun wani mai shayi, wuta ta cinye rabinta. Ban ga laifinsa ba, ya tsinci busasshen icce mai kama wuta da kyau ya ɗauka, kuma da ya ji ko ta wace ce ya zare ta ya kashe da ruwan butarsa, yana ta ba ni haƙuri kamar shi ya tuƙo katafila. Gwafar da nake rataya gyale ita ce ta ƙone. Abin da ya rage yana ɗakina a naɗe cikin zanen Inna. Ban san a wane sashe na dokokin Majalisa ake shigar da irin wannan ba, kuma ba na neman komai a kansa. Na rubuta ne don a sani. Na yi kuka ranar a bakin titi, a gaban jama'a, tun da ba a bar mini bangon da zan juya wa fuska ba.

7. Maganar shi kansa Alhaji Ma'azu. Yau zan karya dokar uwata a karo na farko, Allah ya yafe mini, amma wanda ya cire wa mutane sutura bai kamata a bar shi da tasa shi kaɗai ba. Alhaji Ma'azu ya fi shekara goma yana cin abinci a gidana. Yana da teburinsa a kusurwar da ta fi kowace duhu, kuma shi ne ya taɓa ba ni shawara in ƙara wa katangar tsawo ta gefen masallaci. Tun ranar da ya kawo mana ci gaba bai sake zama a ciki ba, ko sau ɗaya. Direbansa yake turowa ta ƙofar baya, wadda muke fitar da shara, da kular zuba abinci a cikin buhun taki, da saƙon cewa a zuba farfesun kai a ɗaure bakin buhun da kyau kada ƙamshi ya fita. Muna zubawa, muna ɗaurewa, domin ciniki ciniki ne. Amma ina tambaya cikin ladabi: in cin abinci a idon duniya ci gaba ne, me ya sa jagoran ci gaban yake shigar da nasa gida a buhun taki?

Na kuma samu labari cewa ya yi alkawarin zuwa Tibiri ya ba mutanen can shawara su ƙawata nasu bakin hanyar, kuma ya ce da gidana za a fara saboda ƙaunar da yake mini. Ina roƙon a rage masa ƙaunar nan.

8. Halin da ake ciki yau. Teburan Zanar Rahina a shimfiɗe suke da fararen ƙyalle, cokali a dama, wuƙa a inda ya dace, na'urar sanyi na ta aiki tana sanyaya kujeru. Ba mai shigowa ya zauna sai baƙon da ba shi da kowa a gari, shi ma in ya ga taron tsallaken titi sai ya ce a ƙulle masa a leda. Matan ƙauye da ke kawo mini zabbi da zogale da man shanu na fara mayar da su da kayansu, abin da ban taɓa yi ba. Wasu cikin ma'aikatana sun ce doguwa ce ta shiga gidan, a nemo 'yan bori masu girka su duba. Na ce musu su bar iskoki su huta, doguwa ba ta da katafila.

Abdulhakim ya same ni ranar Asabar da ta wuce, ya cire hularsa ya riƙe a hannu. Ya ce Hajiya ta yi masa komai, amma shi bai baro Yamai don ya riƙa cika kula da leda ba, kuma hannunsa ya fara mantuwa. Ya ce zai jira zuwa ƙarshen Nuwamba. In katanga ta tashi yana nan, in ba ta tashi ba akwai otel da ke kiransa. Ban roƙe shi ba, domin gaskiya ya faɗa. Ranar da ya tafi zan rufe gidan, domin ba zan mayar da aikin shekara goma sha shida shagon ƙulla abinci a leda ba.

Saboda haka, Mai girma Shugaba, ina roƙon Majalisa cikin ƙanƙan da kai:

Na ɗaya, a ba ni izini a rubuce, da hatimi, in mayar da katangata yadda take, kafin Juma'a 14 ga Nuwamba, domin magina su samu gamawa kafin wata ya ƙare. Da aljihuna zan gina, ba na neman ko buhun siminti ɗaya. Kafin a gama, a maido mini da zanata in ɗaura.

Na biyu, a hana Alhaji Ma'azu kai alherinsa Tibiri.

Na uku, shingen ƙarfen yana nan lafiya, fentinsa bai ko dusashe ba. Ina ba da shawara a kafa shi a madadin katangar gidan duk wani memban Kwamiti da ke son iyalinsa su ci gaba.

Idan kuwa Majalisa ta duba ta ga kukana ba shi da tushe, to ina da tayi guda. Ranar Juma'ar da na ambata, 14 ga wata, ranar kasuwa, bayan an sauko daga masallaci, zan shimfiɗa tebur a gaba, jikin shingen, da kujera ɗaya tana fuskantar titi. Abdulhakim zai gasa zabo guda da hannunsa, kyauta. Ina gayyatar Mai girma Shugaba ya zo ya zauna. In ya cinye shi shi kaɗai, kai a ɗage, bai ce wa kowa bisimilla ba, bai shiga ƙarƙashin tebur ba, to na janye wannan takarda, kuma ni da kaina zan riƙa sabunta wa shingen fenti duk shekara. An tabbatar mini kai ma surukanka 'yan Kiyeshe ne, kuma ba sa fashin kasuwa.

Amma ban yi zaton za a kai ga haka ba, kuma ga dalilina. Lokacin ina zuba ruwan wanke hannu a tasha, akwai wani ɗan makaranta daga ƙauye da aka kawo gari karatu, gidan da aka aje shi ba kullum ake tunawa da cikinsa ba. Yakan zo bayan mutane sun ragu, ya tsaya nesa yana gyara igiyar takalmin da ba ta kwance ba. Inna takan kira shi ta ce ya zo ya taya ta matsar da benci. Sai ta zaunar da shi a can ƙurya, inda zanar ta fi kauri, ta aje masa ƙanzo da sauran miya, ta tsaya a bakin shiga da faɗin jikinta har ya gama, don kada 'yan ajinsu su wuce su gan shi. Ba ta taɓa faɗa wa kowa ba har ta koma ga Allah. Ni ma ban gan shi ba, ban san shi ba, ruwa kawai na zuba masa. Na dai ji an ce Allah ya ɗaukaka shi, yau yana da biro da hatimi, kuma takardun ƙorafi a teburinsa suke kwana. In ka gamu da shi, ranka ya daɗe, ka tambaye shi ko zana ƙauyanci ce, kuma ka tambaye shi tsawon da ya kamata katanga ta yi. Duk abin da ya ce, na yarda.

Ina jiran amsarka. Allah ya ƙara girma, ya yi maka jagora, ya rufa maka asiri kamar yadda aka taɓa rufa maka.

Taka mai biyayya da ladabi,

(sa hannu)
Hajiya Hasiya Mani,
ɗiyar Rahina mai tuwo.